Matar da Aka Bari Tsaye a Bakin Ƙofa

Har yau in ana hirar labaran zane na ban tsoro, irin waɗanda ake sawa a intanet, ni tsofaffin nake karewa, kuma ko kaɗan ba na jin kunya. 'Ya'yana suna kawo min na yanzu a waya, kala-kala, jini har wani sheƙi yake, kowane zombi tsaf da shi kamar za a kai shi gidan biki. Sai in ce su kawar min da shi daga gabana. Namu na da, wani ɗan makaranta ne can a ƙasar Turawa zai zauna ya zana da biro, hannu ya fi ƙafa tsawo, wuya a karkace, ya sa a shafinsa sau biyu a sati, mu kuma muna nan Kano muna jira. Ba su da kyau, wallahi ba su da kyau. Amma su nake so, kuma a gidanmu ba ni kaɗai ba ce.

Na fara ganinsu ne a shekarun da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, gari ya cika da fastocin 'yan siyasa da shagunan intanet. Ina jami'a a lokacin. Daga gidanmu na Madabo nake fitowa titi in hau bas zuwa Kabuga, kuma a nan kusa da ƙofar jami'ar akwai wani kafe a saman bene, kwamfutoci a jere, fanka ɗaya tana ta fama. Aikin makaranta ne ya fara kai ni, sai wata ƙawata ta nuna min inda ake samun waɗannan zane-zanen. Tun daga ranar aikin makaranta ya koma na cikon lokaci.

Yaran yanzu ba za su gane daɗin abin ba, don su da sun taɓa waya hoto ya fito. Mu a lokacin hoto daga sama yake saukowa a hankali, layi bayan layi. Ki fara ganin gashi, ki jira, ki ga goshi, ki jira, ido ɗaya ya fito, gabanki yana faɗuwa, kafin a kai ga baki sai a ɗauke wuta. Kowa ya ja tsaki, mai shago ya sauka ya tayar da janareta, a sake daga farko. Rabin tsoron da na ji a rayuwata a wannan jiran na ji shi.

Ga wanda bai sani ba, zombi gawa ce da ta ƙi kwanciya. Ba fatalwa ba ce, jikin ne da kansa yake tashi yana yawo yana neman wanda zai ciza, wanda aka ciza shi ma ya zama haka. Yawancin labaran duk tafiyarsu ɗaya: ƙarti da bindigogi, a harba, a gudu, a sake harbawa. Waɗannan da wuri suka gundure ni. Akwai na ban dariya, su ma ba laifi. Amma wanda ya shiga raina wani ne baƙi da fari, wanda ba a cika harbi a cikinsa ba. Wani magidanci ne da 'yarsa budurwa suka kulle kansu a gida. Matar gidan ta mutu a waje, ta tashi, kullum sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta bugawa, ba ta tafiya. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Mijin yana da bindiga, ya kasa harbin ta, ya kuma kasa buɗe mata.

Duk Litinin da Alhamis sabon shafi yake fitowa. Sai in sa a buga min a takarda, in ninke in cusa cikin littafin makaranta, in kai gida in ɓoye a ƙarƙashin katifa. Katifar kuwa a ɗakin Iya take, don tun ina ƙarama a wurinta nake kwana.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun kafin a haife ni. Da mace ta cika, kafin ma kuka ya yi nisa, an aiko gidanmu. Tana da wani kwando a saman kwabet, a ciki akwai busasshen ganyen magarya, kafur, auduga, almakashi, allura da zare, da tsumma fari ƙal. Ta sauke shi, ta ja mayafi, ta fita. Ni kuwa, mai karatun matattu masu yawo, ko kaza aka yanka a tsakar gida sai na kau da kai. Warin kafur tayar min da zuciya yake. Duk ranar da Iya ta dawo daga wanka, in ta miƙo min ko da dabino ne sai in ce na ƙoshi. Ta sani sarai. Sai ta jefa shi a bakinta ta ce, "Ja'ira, ke kika yi asara."

Akwai abin da yake damun Iya a shekarun nan, kuma ba ta ɓoye shi. Ƙawarta da suka yi shekaru suna aikin tare ta rasu, Iya ce ta wanke ta. Cikin surukanta da 'ya'yanta da jikokinta mata ba wadda ta yarda ta koya. Kowa da uzurinta: wannan tsoro, wannan goyo, wannan hawan jini. Iya takan zauna tana tsintar shinkafa ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ni na rufa wa matan unguwar nan asiri kaf. Ran da na faɗi, baƙuwa za a ɗauko min daga wata unguwa ta zo ta ga jikina." Sai kowa ya ce haba Iya, Allah ya ƙara nisan kwana. Ita kuwa ba nisan kwana take nema ba, hannun gida take so.

Wata ranar Alhamis na dawo da la'asar na tarar da ita a kan tabarma, ta sa tabaraunta mai ɗaurin zare, takarduna duka a baje a cinyarta. Ashe shanya katifa ta yi. Na tsaya cak, na ce yau na shiga uku.

"Zo nan," in ji ta. "Wannan wace ce?"

Na ce wata mata ce a labari, ta mutu.

"Ta mutu? To me take yi a tsaye?"

Na fara bayani ina in-ina. Ba ta ma saurare ni ba. Ta kai takardar kusa da hancinta ta ɗora yatsa a kan fuskar matar.

"Dubi haɓarta a sake. Ba wanda ya ɗaure mata. Ido a buɗe, ba wanda ya shafe. Baiwar Allah ba ta da kowa ne?"

"Tana da miji da 'ya."

"Suna ina?"

"Suna ciki, sun kulle ƙofa."

Iya ta cire tabarau ta dube ni kamar ni na kulle. "Tir," ta ce. "Zauna ki karanta min daga farko."

Haka Iya ta shiga sahun masu bin labarin. Duk Litinin da Alhamis, ina sallama za ta ce, "An buɗe mata?" In zauna in juya mata Turancin da Hausa, ita kuma tana yanke hukunci. Ban taɓa ganin wanda zane-zanen nan ba su ba shi tsoro ba irin Iya. Tausayi suke ba ta, wani lokaci haushi. Na taɓa kawo mata ɗaya daga cikin na masu bindiga don in ga yadda za ta yi. Shafi biyu ta duba ta ture. "Mutum ya mutu, kuma a bi shi da harbi? Waɗannan ba su da tarbiyya. Mayar musu da abinsu."

Ta kuma gano dalilin da ya sa gawarwakinsu suke tashi, ita a ganinta. Na nuna mata wani shafi da ake fitowa daga kaburbura, maza da kwat da lakataye, ta tambaya, na ce ai haka suke binne mutanensu, wani sai ya yi sati kafin a kai shi. Iya ta tafa hannu. "To ai shi ke nan! Ka ajiye mutum sati guda a firij, ka sa masa kwat, ka ɗaura masa takalmi, me ka ce masa? Ai cewa ka yi tashi ka tafi ofis." Na yi dariya har na kwanta a tabarma. Ta ce ita duk shekarun nan ba wadda ta taɓa ko motsa mata yatsa, gawa ta fi kowa ladabi in dai an yi mata abin da ya kamata a kan lokaci.

Baba ya taɓa dawowa daga shagonsa na Ƙofar Wambai ya same mu a haka. Ya leƙa, ya yi salati, ya ce, "Iya, har da ke? Waɗannan hotunan a cikin gida?" Iya ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da ko ɗakin da gawa take ba ka iya shiga sai an turo ka. Wuce ka ci tuwonka." Ya wuce.

To amma tsofaffin labaran nan suna da wani mugun hali, kuma duk son da nake musu ba zan ɓoye ba: masu su ba sa ƙarasawa. Ba wanda yake biyan su, don sha'awa suke yi, ran da suka gaji ko suka sami aiki sai su watsar. Namu ma haka ya yi mana. Shafin ƙarshe da ya sa, 'yar ta tashi ta ɗora hannu a kan sakata, uwar tana waje a tsaye. A ƙasa ya rubuta cewa jarrabawa ta taso masa, zai dawo bayan sati biyu. Sati biyu suka wuce, wata ya wuce, damina ta zo ta tafi. Kullum na hau benen nan, shafin ya sauko layi-layi, hannun yarinyar yana nan a kan sakata.

Iya ta ɗauki abin da zafi fiye da ni. "Ya bar ta a tsaye? Ya tafi harkarsa ya bar matar mutane a bakin ƙofa?" Ta sa na rubuta masa wasiƙa ta kwamfuta, na rubuta, har da gaisuwarta a ciki. Ko uffan bai ce ba. Ran nan ta ce, "To ke ki ƙarasa mana. Ba ke ce kika cika min bango da zane tun kina firamare ba? Buɗe mata ƙofa, ki shigo da ita, a yi mata sutura kowa ya huta."

Abin ya yi min daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na sayi farar takarda da baƙin biro, na yi kwana uku ina yi. Yarinyar ta buɗe, uwar ta shigo ta kwanta, 'yar ta kawo ruwa tana wanke ta. Na kawo wa Iya ina jiran yabo.

Ta duba, ta dube ni. "Haka kika bar ta ba ko zane a kanta? Uwarta ce fa. Kuma ta hagu kika fara? Wa ya koya miki?"

"Ba wanda ya koya min."

"Ai na gani."

Na sake, na rufe ta da zane, na koma dama. Ta ce kitson fa, da shi za a kai ta, ba za a tsefe ba? Na sake na uku. Ta ce hannun yarinyar tsirara yake ba ta naɗa tsumma ba, kuma yadda ta tallafo kan, in mutum ne na gaske da wuyansa ya sagale. Raina ya ɓaci, na ce to ta faɗa min duka gaba ɗaya mana, ta daina yi min ɗaya-ɗaya. Ta ce abin ba ya faɗuwa da baki, sai an gani.

Nan na gane inda aka dosa. Na ce, "Iya, wayo kike min."

"Wayo ne," in ji ta. "Za ki zo ko ba za ki zo ba?"

Na ce zan zo, don na ɗauka da sauran lokaci. Kwana tara kacal, da hantsi, aka aiko. Wata tsohuwa ce a bayan layinmu, wadda take min kitso ina yarinya. Iya ta miƙo min buta ta ce aikina zuba ruwa kawai. Muka shiga ɗakin. Na ga ƙafafun a miƙe ƙarƙashin zane, ƙafafun da na sha zama a tsakaninsu ana ja min gashi. Iya ta ce zuba. Na saki butar ta faɗi, na fita a guje ba ko takalmi, sai a soron gidanmu na tsaya ina amai. Ni ce fa mai ba ƙawayena labarin matattu ina musu dariya in sun toshe kunne.

Da Iya ta dawo na shirya jin faɗa. Ba ta yi ba. Ta ajiye min takalmana a bakin ɗaki, ta mayar da kwando saman kwabet, ta yi alwala. Litinin ta zo ba ta tambayi matar bakin ƙofa ba, Alhamis ma haka. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Sannan wata rana ina wanke-wanke na ji tana gaya wa Gwaggo, ƙanwar Baba, cewa akwai wata mata a can wajen Ƙofar Wambai, an ce tana da hankali kuma ba ta da surutu, a nemi sanin gidanta tun yanzu, don ran da ta kama kada a tsaya ana neman wanda za a aika. A hankali ta faɗa, ba don in ji ba. Na zauna a gaban kwanukan nan na yi kuka sosai, don na san ni ce ta sa wa rai, kuma ta cire.

Aike na gaba da aka yi, kafin ta tashi na riga na sauke kwandon. Ta dube ni ta ce, "In za ki sake zubar min da ruwa, zauna." Na ce ba zan zubar ba. Muka tafi.

A bakin ɗakin ta tsayar da ni. Ta sa na taɓa ruwan da bayan hannuna, ta ce in ya yi min zafi to ya yi wa mamaciyar. Ta ce in yi sallama in na shiga, in kuma gaya mata ko ni wace ce, don ba a taɓa jikin mutum ba a sanar da shi ba. Ta ce, "Ki ɗauka tana jin kunya, ba ta da bakin faɗa. Shi ke nan aikin." Abin da na gani a ciki ba zan faɗa ba, don abu na farko da ake koya ke nan, kuma har yau ban taɓa karya shi ba. Abin da zan iya cewa, ban gudu ba. Na zuba ruwan magarya, na zuba na kafur a ƙarshe, na riƙe gashi Iya ta kitsa gida uku. Da muka gama na ga fuskar matar ta yi fes, sai na ji tsoron ya tafi ya bar ni da tausayi kawai.

A satin na zana shafin karo na huɗu. Iya ta daɗe tana dubawa, tana bin kowane layi da yatsa, ina jira ta samo kuskure. Can ta ce, "Yauwa. Yanzu ta kwanta." Ta ninke takardar ta shige ɗaki da ita. Ranar ta miƙo min dabino, na karɓa na ci.

Shekara huɗu muka yi muna zuwa tare. A ƙarshe-ƙarshe ita take zama a kujera tana nuni, ni nake yi. Na gama makaranta, na yi aure a nan cikin gari, kafen Kabuga ya koma shagon sayar da waya. Shafin mutumin nan ma ya ɓace daga intanet, na nema har na gaji. Shi ya sa in yara suka ce tsofaffin labaran nan shirme ne, ba su da kyau, ba su da ƙarshe, nake cewa gaskiyarku, amma ku yi min shiru.

Da safe aka kira ni, wata Laraba, ina shirin fita aiki. Kafin in isa Madabo Iya ta cika. Gwaggo ta shafe mata ido, ta ɗaura mata haɓa, amma ɗaurin ya karkace. Na kwance na sake ɗaurawa yadda ta koya min. Wata daga cikin surukai ta ce ko a aika wa matar nan ta Ƙofar Wambai, tunda ni jika ce, kada abin ya yi min yawa. Na ce duk wanda ya aika, ni da shi ne.

Na buɗe akwatinta don ɗauko likkafanin da ta daɗe da saya ta ajiye. A ƙarƙashinsa na ga takardun nan, duka, an jera su bi da bi an ɗinke gefe da farin zare irin na kwando. Sun yi ja, suna warin kafur. Nawa shafin ne a ƙarshe. Ban tsaya dubawa ba, don ta tsani a bar gawa tana jira.

Gwaggo ta riƙe buta. Na taɓa ruwan da bayan hannuna, na sa aka ƙara na sanyi kaɗan. Na naɗa tsumma a hannu, na gyara zanen da ke kanta, na sunkuya daidai kunnenta na yi sallama.

Na ce, "Iya, ni ce. Ba baƙuwa ba ce."